Ra'ayinmu: A Kai Binciken Ciwon Daji Bagauda

Duk sa'ad da aka ambaci cibiyar binciken ciwon daji a gaban jama'a, abin da ke fara faɗo wa mutane a rai shi ne dogon bene a tsakiyar birni, da wata na'ura mai tsadar gaske da aka sayo daga Turai, da manyan baƙin da za su zo ranar buɗewa. Ba mu raina ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, domin wanda daji ya ci ƙarfinsa yana bukatar gado, yana kuma bukatar na'ura. Amma a ganinmu, mu ɗaliban da ake kashe dukiyar talakawa a kan karatunmu, wannan fahimta ta gaza, kuma gazawarta tana jawo asarar rayuka. Asibiti yakan zauna ne ya jira wanda ya zo. Jami'a kuwa wajibinta ne ta tashi ta nemo wanda bai zo ba, ta san ko shi wane ne, me ya kama shi, me kuma ya hana shi zuwa. Wannan shi ne aikin cibiyar bincike, kuma a Jihar Kano muna ganin babu inda ya fi dacewa a fara shi kamar ƙasar Bagauda da kewayenta, watau Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa.

Kafin mu yi nisa, bari mu daidaita a kan abin da ake magana. An gina jikin ɗan Adam da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani, suna hayayyafa suna mutuwa bisa tsari. In wani abu ya ɓata wannan tsari, sai wasu ƙwayoyin su yi ta hayayyafa ba ƙaƙƙautawa, su taru su zama ƙari, su cinye naman da ke kusa da su, daga baya su bi jini su yi sansani a wasu sassan jiki. Shi ne daji, wasu su ce sankara. Iri-iri ne, sun fi ɗari, kuma kowanne da sanadinsa da maganinsa. Saboda haka aikin cibiyar jami'a ya kasu kashi huɗu: ta ƙirga masu ciwon, ta binciko sanadinsa a ƙasarta, ta gwada hanyoyin rigakafi da na magani waɗanda aljihun mutanenta zai iya ɗauka, sa'an nan ta horar da waɗanda za su ci gaba da aikin. Ko an rataya allo mai wannan suna a bakin ƙofa ko ba a rataya ba, nauyin nan yana wuyan Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da kuma Jami'ar Ahmadu Bello da asibitinta na Shika.

Ba za a ce an zauna haka nan ba. An kafa asibitin Malam Aminu Kano a 1988, kuma likitocinsa sun buɗe kundin rajistar masu ciwon daji. A 2008 suka buga abin da kundin ya tara na shekara goma, daga 1995 zuwa 2004. An sami mutum 1,990, maza da mata kusan kankankan. A cikin mata, dajin bakin mahaifa ne a gaba, na nono yana biye. A cikin maza, na farko shi ne dajin halittar nan da ke gindin mafitsara wadda likitoci ke kira furostet, na biyu kuwa dajin mafitsarar ita kanta. A cikin yara, wanda ya fi yawa shi ne mai kumbura muƙamuƙi da ciki, wanda aka sa wa sunan likita Burkitt. Wannan aiki ya cancanci yabo, domin shi ya ba mu fitilar farko. Har wa yau, a farkon 2023 an yi bikin buɗe ginin cibiyar kula da masu ciwon daji da gwamnatin jiha ta gina a Giginyu, bayan shekaru masu yawa da mutanen Kano suka yi suna jigilar marasa lafiyarsu zuwa Shika ko Abuja ko Sakkwato neman na'urar da ke ƙona ƙari da haske.

To, amma jama'a, mu ɗauki alkalami mu yi ɗan lissafi irin na 'yan firamare. Mutum 1,990 a shekara goma, kimanin 200 ke nan kowace shekara. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano mutum miliyan 9.4. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta ƙiyasta cewa a 2020 mutum fiye da 120,000 suka kamu da daji a Nijeriya, kusan 79,000 kuma suka rasu, a ƙasa mai mutum kimanin miliyan 200. Wannan ya kama kusan mutum 60 a cikin kowane 100,000. In aka auna jama'ar Kano ta 2006 da wannan mudu, za a sami fiye da 5,000 a shekara. Shekarun ba ɗaya ba ne, lissafin kuma na gwadawa ne, saboda haka mu raba shi biyu mu zubar da rabi. Duk da haka, abin da ya shiga kundi bai kai kashi ɗaya bisa goma ba. Ina sauran suka shiga?

Amsar tana kan hanya. A ɗauki magidanci a wani ƙauye na ƙasar Doguwa, bayan dajin Falgore, wanda ya fara fitsarin jini da ciwon mara. Da farko zai sha sassaƙe da jiƙo, domin su ne a kusa. In abin ya ƙi, ya sayi ƙwaya a kemis ranar kasuwa. In ya tsananta, a sayar da akuya a kai shi asibitin Tudun Wada. In ma'aikacin da ya duba shi ya zargi daji, sai ya rubuta masa takarda zuwa Kano, tafiyar awowi a mota, ga kuɗin hoto, ga na masauki, ga abincin mai jinya. A can ma sai an yanki ɗan naman wurin an kai ɗakin gwaji, masani ya duba shi a madubin likita, kafin a tabbatar da sunan ciwon a rubuta. Kowane mataki a nan rariya ne, a kowanne mutane suna zubewa. Ga kuma maganar da ta zauna a zukatan mutanenmu cewa daji ba ya son ƙarfe, in an taɓa shi da wuƙa ko allura sai ya fusata. Dalilin wannan magana a fili yake: ana kai marar lafiya ne bayan ciwon ya gama bazuwa, a yi aiki, ya rasu, sai a ɗora wa wuƙa laifin jinkiri. Wanda ya rasu a ɗakinsa kuwa, an yi masa sutura, an yi sadakar uku, amma ilmi bai san ya taɓa rayuwa ba. Gwamnatin da ke tsara kasafi bisa kundin asibiti kaɗai, tana yi wa mutum ɗaya ɗinki ne alhali goma ke jiran riga.

Tarihi ya nuna cewa manyan nasarorin da aka samu a kan daji a Afirka da irin wannan ƙirga suka fara. A 1958 wani likitan fiɗa mai suna Denis Burkitt, a asibitin Mulago na Kamfala inda ɗaliban Makerere ke koyon aiki, ya bayyana wani ƙari da ke kumbura muƙamuƙin yara. Bai tsaya a ɗakin fiɗa ba. Ya aika da takardu masu hoto zuwa asibitocin Afirka yana tambaya ko sun taɓa ganin irinsa, kana a 1961 shi da abokansa biyu suka shiga tsohuwar mota suka yi tafiyar mil kusan 10,000 suna bin asibitoci. Da ya zana amsoshin a taswira, sai ga ciwon ya bi wurare masu zafi da damshi, inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Daga naman da ya aika Landan ne Epstein da Barr da Achong suka gano, a 1964, ƙwayar cuta ta farko da aka alaƙanta da daji a jikin ɗan Adam. A nan gida, Farfesa Edington ya kafa kundin rajistar daji na Ibadan a 1960, Farfesa Victor Ngu kuma ya nuna a asibitin jami'ar Ibadan cewa ana iya narkar da wannan ƙari na yara da magani, har ya shiga cikin waɗanda aka ba lambar yabo ta Lasker a Amurka a 1972. Takarda da taswira da tsohuwar mota su suka share wa magani hanya.

Me ya sa muka ce Bagauda? Dalili na farko ruwa ne. A zamanin Gwamna Audu Baƙo aka datse tafkin Bagauda, aka kuma gina madatsar Tiga tsakanin 1971 da 1974. Daga Tiga ruwa ke bin babbar magudana zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure, ya mai da rani damina. Shinkafa da alkama da tumatir da albasar da ake lodi a wannan yanki sun rufa wa dubban gidaje asiri, kuma babu mai hankalin da zai ce da ma ba a yi ba. Sai dai ruwan da ke kwance ko yake tafiya a hankali gida ne ga ƙananan katantanwa masu goyon tsutsar tsargiya. Mai tsargiya ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe ya shiga katantanwa, ya fito da yawa, ya huda fatar yaro mai wanka ko manomi mai ban ruwa ko mace mai wanki. Tsutsar ta girma a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara, ƙwayayenta su maƙale a bangon mafitsarar su yi ta miki shekara da shekaru. A jikin wasu mutane, wannan tsohon miki shi ke rikiɗa ya zama daji.

Wannan ba zato ba ne. Tun 1911 wani likita mai suna Ferguson ya lura da alaƙar tsargiya da dajin mafitsara a Alƙahira, kuma a 1994 hukumar nan ta Liyon ta sa tsutsar a jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo daji. Da Masar ta dage da yaƙar tsargiya, cibiyar ciwon daji ta Jami'ar Alƙahira ta ga irin dajin mafitsara mai bin tsargiya yana raguwa a cikin kundinta. Mu kuwa a nan, dajin mafitsara ne na biyu a cikin mazan da kundin Kano ya ƙirga, alhali a ƙauyukanmu da yawa har yanzu ana ɗaukar fitsarin jini a jikin yaro kamar wata alama ta girma. Maganin tsargiya ƙwaya ce mai araha da ake rabawa a makarantu. Abin da ke gaban cibiyar jami'a shi ne ta bi sawu: wane ƙauye ne ciwon ya fi yawa, yaran da ba sa zuwa makarantar boko suna samun ƙwayar, bayan wata nawa suke sake kamuwa, kuma daga waɗanne garuruwa masu dajin mafitsara ke fitowa. Ba a amsa waɗannan tambayoyi daga ofis mai fanka a birni.

Dalili na biyu yana cikin rumbu. Kudancin Kano ƙasar masara ce da gyaɗa da dawa. In aka adana masara ko gyaɗa ba ta gama bushewa ba, ko ƙwari suka huda ta, wata funfuna kan kama ta, ta bar dafin da masana ke kira afalatoksin. An gano wannan dafi ne bayan da talotalo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila a 1960 saboda tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Barazil. Dafin ba ya mutuwa da dahuwa ko suya, kuma hanta yake ci a hankali. In ya haɗu da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, wadda ta yaɗu ƙwarai a ƙasarmu, haɗarin dajin hanta yakan ninka sau da yawa. Kowa ya san al'adar gidajenmu: a tsince gyaɗa mai kyau a kai kasuwa, ragowar a yi ƙuli-ƙuli da mai da miya a gida. Ke nan manomi yana sayar da lafiyayya ya ci mai dafi. Dajin hanta kuwa yakan kashe mutum cikin 'yan watanni, sau da yawa ba a kai ga yanko nama a duba ba, don haka da wuya ya bayyana a kundi gwargwadon ɓarnarsa.

A nan ma akwai makamai a hannu. Cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa da ke Ibadan ta samar da wani maganin da ake watsawa a gona mai suna Aflasafe, wanda ke rage wannan dafi ƙwarai. Allurar rigakafin ciwon hanta ta shiga jerin alluran jarirai a Nijeriya tun 2004, kuma ƙasar Taiwan, wadda ta fara yi wa jariranta a 1984, ta ga dajin hanta ya ragu a cikin yaranta. Amma allurar farko ta fi amfani in an yi ta cikin awa 24 da haihuwa, matanmu na karkara kuwa akasari a gida suke haihuwa a hannun ungozoma, jariri ba ya fita sai bayan suna. Ta yaya allura za ta iske shi a ɗakin uwarsa? Ta yaya za a shawo kan wanzami ya riƙa sake aska tsakanin yaro da yaro wajen kaciya da cire beli da ƙaho, ba tare da an ci mutuncin sana'ar da ya gada ba? Waɗannan ma tambayoyin ilmi ne, kuma babu jami'ar Turai da za ta amsa mana su. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Dalili na uku shi ne iyayenmu mata. Dajin bakin mahaifa ya kama mata kimanin 12,000 a Nijeriya a 2020, ya kashe kusan 8,000, alhali yana cikin waɗanda aka fi iya karewa. Wata ƙwayar cuta mai suna HPV ke jawo shi, kamar yadda Bajamushen nan Harald zur Hausen ya gano, har aka ba shi lambar Nobel a 2008. A watan Oktoba na 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafinsa kyauta, Kano kuma tana cikin jihohin farko. Ga matan da suka wuce wannan shekaru, akwai gwaji mai sauƙi: ma'aikaciyar jinya ta shafa ruwan khal a bakin mahaifa, wurin da ya fara lalacewa ya yi fari, a magance shi tun bai zama daji ba. Jami'ar Zimbabuwe na cikin waɗanda suka gwada wannan hanya suka buga sakamakonta a 1999. Matar da ke Ƙiru ko Bebeji tana iya zubar da jini wata da watanni tana ɓoyewa saboda kunya, ko tana jiran izinin maigida da kuɗin mota. Yadda za a kai mata gwajin, ta hannun mace 'yar'uwarta, cikin sutura da mutunci, shi ne abin da ya kamata a zauna a yi nazarinsa.

Kada wani ya ce abin da muke nema baƙon abu ne. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, ta Jami'ar Ahmadu Bello, ta daɗe da kafa tashar gwajin noman rani a Kadawa, masana daga ƙasashen waje kuma sun yi shekaru suna gwajin irin dawa a gonar Bagauda. In tumatir da alkama da dawa sun cancanci a kafa musu tasha a bakin gona, ashe manomin da ke nomansu bai cancanta ba? A fannin lafiya ma an taɓa yi. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun zauna a ƙauyukan Garki, wadda a lokacin take cikin Jihar Kano, suna nazarin zazzaɓin cizon sauro, kuma har gobe ana karanta sakamakon a makarantun likita na duniya. A cikin shekarun 1970 kuma Jami'ar Ahmadu Bello da makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful sun ƙidaya jama'ar ƙauyukan Malumfashi gida-gida, suka bi diddigin tsargiya a kewayen dam ɗin Ruwan Sanyi. Abin da aka iya a zamanin da babu kwamfuta babu wayar hannu, ba shi da hujjar gagara yau.

Sai dai akwai wani sharaɗi da ya fi kuɗi da gini muhimmanci, shi ne amana. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a Kano, a wani gwaji da ya ƙunshi yara kimanin 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Wannan tabo yana cikin abubuwan da aka riƙa ambata sa'ad da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004, cutar kuma ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Saboda haka duk cibiyar da za ta ɗebi jinin talaka ko fitsarinsa, lalle ne ta yi masa bayani da Hausa ko Fulatanci, a gaban wanda ya yarda da shi, ta ba shi damar ya ce a'a ba tare da an hana shi magani ba, ta kuma dawo ta gaya masa abin da ta gani. Masanin da ya kwashi bayanai ya tafi taro a Turai, ya sami ƙarin girma, bai sake taka ƙauyen ba, ya rufe wa na bayansa ƙofa.

Mun san akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne. Wasu za su ce zazzaɓi da gudawa da tamowa da mutuwa wajen haihuwa sun fi daji kisa a karkara, don me za a karkatar da ɗan abin da ake da shi? Gaskiya ne sun fi shi kisa. Amma a duba abin da muka lissafa: tsabtataccen ruwa, maganin tsutsa, busar da amfanin gona, allurar jarirai, yaƙi da sauro, ungozoma mai horo. Duk wanda ya yi waɗannan don kare daji ya kare sauran cututtukan tare. Wasu kuma za su ce zalunci ne ka gaya wa talaka yana da daji alhali ba ka da abin yi masa. Wannan ita ce hujja mafi nauyi, kuma amsarta ita ce kada a fara ƙirga sai an shimfiɗa hanyar magani: mota mai kai marar lafiya Kano, gado da aka keɓe masa, da asusun da zai ɗauke masa kuɗin gwaji. Wanda kuma ciwonsa ya wuce magani, yana da haƙƙin a kai masa maganin kashe raɗaɗi har ɗakinsa, ya cika cikin natsuwa a gaban iyalinsa.

Bisa ga haka, ga abin da muke kira a yi. Hukumomin jami'a da na asibitin koyarwa su kafa tashar bincike ta dindindin a Bagauda, wadda ke bakin hanya kuma kusa da mahaɗar Kwanar Ɗangora, ta riƙe kundin dukan jama'ar ƙananan hukumomin nan huɗu. A ƙidayar 2006 sun haura mutum 800,000, wanda bisa mudun da muka auna da shi ɗazu zai iya ba da masu daji kusan 500 a shekara. Kundin ya tattaro labari daga manyan asibitoci da na sha-ka-tafi, da masu maganin gargajiya, da dagatai da masu unguwanni da limamai waɗanda babu jana'izar da ke wuce su. A horar da ma'aikatan asibitocin yankin su iya ɗaukar ɗan nama su aika Kano, sakamako ya dawo ta waya, maimakon a ɗora marar lafiya a mota don tambaya kawai. Gwamnatin jiha ta sa wa aikin layi a kasafinta na kowace shekara, domin kundin da aka riƙe shekara biyu aka yar ba shi da amfani. Cibiyar binciken daji ta tarayya, wadda aka yi dokarta a 2017 ta kuma fara aiki a 2023, ta tallafa da kayan aiki da horo. Masu tarihi da Sarki Bagauda suke fara ƙirga sarakunan Kano, tun shekarar 999. Ba laifi in an fara ƙirga talakawanta marasa lafiya daga wurin da ke ɗauke da sunansa.

Sauran magana tamu ce, ya ku 'yan'uwa ɗalibai. Kada mu ɗauka wannan aikin masu karatun likita ne kaɗai. Mai karatun lissafi shi zai tsara ƙididdiga, mai labarin ƙasa ya zana taswirar magudanai da ƙauyuka, mai aikin gona ya auna dafin da ke rumbu, mai nazarin Hausa ya samo kalmomin da tsohuwa za ta fahimta ba tare da ta tsorata ba, mai shari'a kuma ya tsara takardar yarda da za ta kare talaka. Kowace shekara ɗaruruwanmu suna rubuta kundin kammala digiri a kan batutuwan da aka tauna aka zubar, a ɗaure su a jibge ƙura ta rufe. Muna roƙon ƙungiyar ɗalibai da ƙungiyoyin 'yan asalin Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa su zauna da shugabannin sassa kafin ƙarshen wannan zango, a fitar da jerin tambayoyin da ɗalibai za su ɗauka su tafi da su gida lokacin hutu, ƙarƙashin kulawar malamansu.

Ku kuma yayyenmu da kuka riga mu kama aikin gwamnati, malamin asibiti da malamin gona da duba-gari da akawun ƙaramar hukuma, a hannunku takardun suke. Littafin da kuka cika da kyau, da sunan gari da shekaru da irin ciwo, shi ne tubalin farko na duk wani bincike. Wanda aka tura Riruwai ko Tudun Wada kada ya ɗauka an jefar da shi, ya shiga bin manya a mayar da shi birni. Shi ne idon jami'a a inda farfesa bai kai ba. Kowannenmu kuma in ya je gida, ya tambayi ƙannensa ko akwai mai fitsarin jini, ya leƙa rumbu, ya duba katin allurar jaririn gidan, ya kuma gaya wa innarsa cewa kullutu a nono ko jinin da ba na al'ada ba abin kai wa asibiti ne tun da wuri, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Talakan da ya biya haraji aka gina jami'a yana da haƙƙin jami'a ta san abin da ke kashe shi. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba shugabanninmu ikon sauke nauyin da ke kansu, mu kuma ya sa iliminmu ya amfani waɗanda suka ɗauki nauyinsa. Amin.